Kwanon Iya Marta

Shekaranjiya da hantsi ina zaune a tsakar gida ina shan rana, don sanyin bana ya shiga mini gwiwoyi, sai ga ɗiyata Balkisu ta shigo da baƙuwa. Rifkatu sunanta, tare suke aiki a ɗakin haihuwa can Bagudo. Yarinya mai ladabi, ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ni, sannan ta zaro takarda da biro kamar wadda ta zo ƙidayar jama'a. Wai matan cocinsu ne suka haɗa ɗan abin da ya sawwaƙa saboda Kirsimeti, suna so su raba wa marasa ƙarfi a nan Illo, Musulmi da Kirista, shi ne Balkisu ta ce mata ni na san kowane gida da wanda ke kwana a cikinsa.

Na ce wato ni ce 'yar sa-idon garin ke nan. Suka yi dariya, ni kuwa na gyara zama, don ina son a tambaye ni abu.

Na ce ta fara rubuta bargo kafin shinkafa, saboda tsofaffin da ke tari. Ta rubuta itace, don na san gidaje huɗu da ko an kai musu shinkafar ba su da abin dafa ta. Sabulu, da man shafawa saboda kaushi. In kuma suna da samari masu ƙarfi a cocin, su je su cika wa makauniyar bayan kasuwa randunanta, su gyara mata dangar da ta faɗi, ya fi mata turmin atamfa. Tana ta rubutu tana gyaɗa kai.

Can ta ce, "Mama, dafaffen abinci fa? Muna so mu zuba a kwanuka masu kyau mu kai gida-gida."

Na ce, "Ki zuba a leda, ko a robar da ba ki son a maido miki. In kuwa kin kai a kwanon kirki, to washegari ki koma da ƙafarki ki karɓo abinki. Kar ki zauna jira."

Ta ɗago tana murmushi, ta ɗauka wasa nake. Balkisu ce ta sunkuyar da kai. Ita ta san zancen, ko da yake tana goye a bayana aka yi shi.

Shekara arba'in ke nan, ko da ɗan ɗoriya. Ruwa ya sauka da wuri a shekarar, har mutane na yi wa juna barka. Muka yi shuka, gero ya fito ya kai taƙi ɗaya, sai sama ta ɗauke. Kullum da la'asar hadari ya haɗo daga gabas baƙi ƙirin, iska ta taso da ƙanshin ƙasa, mu kwashe shanya da gudu mu jera tukwane a bakin ɗaki, sai mu ga ya karkata ya tsallake iyaka ya bar mu da tukwanenmu. Aka fita roƙon ruwa har sau uku. Aka sake shuka, ta ƙone. Mazan unguwa suka yi gayya a gonarmu, suna noma suna kallon sama, ƙasa na tashi a bakin fartanya kamar toka. Kogi ma bai cika ya malalo fadama ba, shinkafa ta tsaya tsaye ba ta yi ciki ba. Yanzu ina ganin yara suna kunna inji su jawo ruwa da tiyo su yi shinkafa tsakiyar rani. Mu a lokacin sama kawai muke da ita.

Da kaka abin da muka kawo gida bai rufe gindin rumbu ba. Kafin sanyi ya kankama mun share shi tas. Maigidana Mamman ya bi hanyar daji ya tsallaka ƙasar Binin neman dako, don an rufe iyaka a shekarar, ba a bin titi. Ya bar ni da mahaifiyarsa, Inna Tumba, da Balkisu tana wata biyar.

Ga yadda yini yake. Da an sallame asuba matan unguwa mu haɗu mu tafi fadama tonon bado, wato saiwar furen nan na ruwa. Mu shiga taɓo har gwiwa, sanyi na cizon ƙashi, muna lalube da yatsun ƙafa. In rana ta ɗaga mu biya ta gidajen tururuwa mu tone, mu sheƙe 'yan ƙwayoyin da suka tara. A dawo a dafa bado da busasshen ganyen tafasa, a barbaɗa dusa in akwai. Sau ɗaya ake ci, da la'asar. Baƙi ne, ga ɗaci, ga shi yana zama a ciki kamar dutse, amma yana hana jiri. Nonona ya soma ƙafewa. Balkisu ta kama ta ja ta ja, ta saki, ba ta ma da ƙarfin kuka sai wani ɗan sauti kamar na mage.

Amma ni abin da ya fi ba ni tsoro shirun garin ne. Garin da tun asuba turame ke amsa wa juna, a wayi gari ba ka jin taɓarya ko ɗaya. Babu carar zakara, an cinye ko an sayar. Babu kukan jaki. Kana tafiya ka ga gida an jibge ƙaya a ƙofa, na gaba ma haka, masu shi sun tashi. In mutum ya yi tari a wancan lungu sai ka ji shi a wannan.

Iya Marta tana can ƙarshen gari ta yamma, bayan tsohuwar kuka. 'Yar tsallaken iyaka ce, Hausarta duk yarensu na Dandanci ya cinye ta. Mijinta mai gadin asibiti ne, ya rasu da daɗewa, ba su haihu ba, ta ce ita nan ta saba ba inda za ta. Man kaɗe take sayarwa. Ita ta riƙa zuwa tana gasa mini jiki lokacin jegon Balkisu, kuma har na haihu ba ta daina ce mini amarya ba. Jikin gidanta akwai wani ɗakin laka, shi ne cocinsu. Ma'aikatan da ke zuwa duk sun watse, amma duk Lahadi da safe sai ta buga wani ƙarfen wilin mota da ke rataye a bishiyar dogon yaron gidanta, ta shiga ita kaɗai ta yi waƙarta ta fito. Gidajen da ke kusa da ita duk an rufe su da ƙaya. Namu ne na farko mai mutane, shi ma da 'yar tafiya.

Ana jibi Kirsimeti tsohuwar nan ta bi hanyar daji da ƙafa ta tsallaka, ta je wurin mutanen cocinsu, ta dawo da ƙullin shinkafa a ka. Ranar Kirsimeti da hantsi sai ga sallamarta. Tun kafin ta shigo na ji ƙanshin, har wani yawu mai tsami ya cika mini baki. Farin kwanon samira ne mai jan fure da murfinsa. Shinkafa da manja da busasshen kifi.

Ta ce, "Amarya, ci, nono ya zo." Ta leƙa fuskar Balkisu ta girgiza kai. Inna ta ce ta zauna, ta ce a'a tana sauri. Har ta kai ƙofa ta juyo ta ce, "Kwano kuma ki kawo da kanki, mu yi hira. Gida ya yi shiru."

Muka ja ƙyaure muka ci, ni da Inna. Na lashe murfin, ban ji kunya ba. Kafin magariba na ji ƙirjina ya yi nauyi, Balkisu ta sha har ta yi gyatsa ta yi barci da nono a baki. Na daɗe ina kallonta.

To, a wajenmu ba a mayar da kwano wofi. Duk wanda ya aiko maka da abinci, in za ka mayar masa da kwanonsa sai ka saka wani abu, ko ɗan gyaɗa, ko ƙwai, ko dunƙulen daddawa. Ba don a biya ba. Mayar da shi ba komai ciki kamar ka ce ka raina kyautar ne, ko kuma ka yi shela cewa gidanku ya mutu. Da wannan muka tashi, ba wanda ya taɓa tambayar dalili.

Washegari na wanke kwanon da toka har yana ƙyalli, na ɗauki mayafi.

Inna ta ce, "Ina za ki?"

Na ce, "In kai ma Iya Marta kwanonta."

"Da mi ciki?"

"Inna, ai ta san halin da aka ciki."

"Don ta sani shi ne za ki tahi ki gwada mata? Tun da anka kawo ni gidan ga ba a taɓa hidda kwano wohi ba. Aje shi. Gobe Allah na kawo wani abu."

Kar wanda ya ɗora wa Inna laifi ita kaɗai. Da ta faɗi haka, sanyi na ji a raina, don ni ma ƙafata ba ta son tafiyar. Ina zan kalli matar da ta ba ni shinkafa da kifi in miƙa mata iska? Bado kuwa ba abin kai wa mutum ba ne. Na tura kwanon ƙarƙashin gado.

Gobe ta zo ba ta kawo komai ba. A rana ta uku, wajen azahar, muna zaune sai muka ji ƙarfen. Kwang. Shiru. Kwang. Kwang. Ba Lahadi ba ce, kuma ba safiya ba. A cikin shirun nan sautin ya ratsa garin kamar a bayan ɗakinmu ake bugawa.

Inna ta ɗago kai ta saurara, ta ce a hankali, "Kin jiya? Kwanonta taka nema."

Kunya ta rufe ni har kunnuwana suka yi zafi. Na ce a raina, haba Iya, kwana uku kacal, sai kin tara mini gari? Har haushinta na ji, Allah ya yafe mini.

Daga ranar kullum sai ya yi ƙara, ba shi da lokaci. Wani sa'in da hantsi, wani sa'in rana tsaka. Hanyar fadama ta bayan kukar nan take bi, sai na ce wa mata ƙaya ta yi yawa a can, mu zagaya ta gabas. Abin mamaki ba wadda ta yi gardama, alhali zagayen ya ninka tafiyar. Muna cikin taɓo in ƙarfen ya buga sai kowa ta ƙara sunkuyawa, hira ta mutu. Ni duk a zatona sun san ni ake kira, suna rufa mini asiri ne. Wata rana maƙwabciyata Ige ta ce, ba tare da ta kalli kowa ba, "Sallarsu ce. Na ji an ce kwana bakwai suka yi suna bugawa." Muka ce lalle haka ne, haka ne. Muka riƙe maganar nan hannu bibbiyu.

Ni kuwa kullum nema nake. Na tone gidan tururuwa har farcena ya fashe, abin da na samu bai cika tafin hannu ba, kuma rabinsa ƙasa. Na je bakin kogi ko masunta za su jefo mini ɗan kifi, na tarar da jirage a kife ba kowa. In na shiga ɗaki sai in ji kamar kwanon nan na kallona daga ƙarƙashin gado.

Bugun ya soma rauni. Sai a yi ɗaya, a daɗe har ka manta, sannan a ƙara ɗaya, can ƙasa-ƙasa. Daga nan ya ɗauke gaba ɗaya. Kwana uku ba mu ji shi ba, har Lahadi ta zo ta wuce shiru. Na ce ta haƙura, ko ta tsallaka wurin danginta. Gaskiya daɗi na ji.

A rana ta tara, bayan la'asar, ina shayar da Balkisu a bakin ɗaki, ƙarfen ya tashi. Wannan karon ba irin na da ba ne. Da ƙarfi, a jere, ba hutawa, kamar ƙato ne ya riƙe sandar. Ko ganye ba ya motsi a ranar, balle a ce iska ce. Balkisu ta saki nono ta juya kanta yamma ta ƙura ido. Aka yi ta bugu har rana ta yi ja, sannan ya tsaya cak.

Inna ta dafa bango ta miƙe, ta shiga ɗakinta, ta fito rungume da wani tulu da aka liƙe bakinsa da laka. Na san shi. Irin geron da za mu shuka ne in Allah ya kai mu damina, wanda ko ranar da muka kwana biyu ba mu ci ba ba ta bari an kalle shi ba.

Na ce, "Inna, iri ne hwa."

Ta ce, "Na sani, ni na liƙe shi." Ta fasa lakar da gindin wuƙa, ta auno ƙoƙo biyu. "Jiƙa. Gobe da sahe ki kai mata hura, mu huta."

Da asuba na zuba a turmi. Hannuna har ya manta nauyin taɓarya. Ina cikin daka sai na ji wani turmi ya amsa daga bayan gidan su Ige. Na dakata. Can kuma wani daga wajen masallaci. Wata nawa rabon da a ji daka a garin, sai ga shi rana ɗaya. Ban kawo komai a raina ba, na ci gaba. Na dafa, na kirɓa, na yi dunƙule biyar, ba nono ba yaji. Na jera su a farin kwanon na rufe, na goya Balkisu, na ɓoye kwanon cikin mayafi.

Ina fita na ci karo da Ige, ita ma mayafinta ya yi tudu a gefe. Muka gaisa, ina kwana, ina gajiya, ya sanyi. Ta bi yamma, na bi yamma. A kwanar masallaci matar liman ta fito, hannunta ɗaya cikin mayafi. Kafin mu kai kuka mun zama mu bakwai, muna tafe a jere ɗaya bayan ɗaya, kowa da tudunta, ba wadda ta tambayi wata ina za ta. A nan na gane. Ashe gida bakwai ta bi ranar nan, shi ya sa take sauri. Kowaccenmu kuma ta yi mako guda tana jin ita kaɗai ake kira.

Muka yi sallama a ƙofar gida sau uku. Angulaye ne jere a kan katanga, sun yi tsit, ba wadda ta sauka, ba kuma wadda ta tashi da ta gan mu. Matar liman ta tura ƙyauren.

Tana kwance a gindin dogon yaron, daidai ƙarƙashin ƙarfen, sandar bugun a hannunta. Ƙafarta ɗaya ta juya ta inda ƙafa ba ta juyawa. A bakin ɗakinta ga turmi a kife, da alama hawa ta yi za ta gyara jinka ya goce da ita. Daga turmin zuwa bishiyar akwai sawun jan jiki a ƙasa, doguwar shara guda. Ta san muryarta ba za ta kai gidan kowa ba, shi ne ta ja jiki zuwa abin da zai kai. Kuma ya kai. Duk mun ji.

Na leƙa ɗakin. Randa cike da ruwa. Tukunya a kan murhu an kankare ta tas. Ban da ita babu mazubi ko ɗaya a ɗakin nan, ba kwano, ba ƙwarya, ba faranti. Ko moɗar shan ruwa babu, don moɗar tana hannun Ige, cike da gyaɗa.

Aka kira maza, aka kira malamin asibiti. Ya durƙusa ya duba ta, hannunsa a hanci, ya ce ta kwana uku da cikawa, in ba huɗu ba.

Ige ta ce, "Malam, jiya-jiyan ga da la'asar ta buga ƙarhen ga. Duk mun jiya."

Ya yi ƙoƙarin zare sandar daga hannunta, yatsun suka ƙi buɗewa. Ya ɗaga kai ya daɗe yana kallon ƙarfen da ke rataye. Sannan ya ce, "Ni ma na ji." Ba wanda ya sake tambayarsa. Har yau ban san wanda ya buga ba, kuma na daina son in sani.

Liman ya tura mutum biyu su tsallaka su gaya wa mutanenta, su zo su yi mata yadda addininsu ya ce. Aka ce ba za su iso ba sai yamma. Muka lulluɓe ta da mayafin matar liman, maza suka shigar da ita ɗaki, mu kuma muka zauna zaman jira a inuwar katanga. Ba wurin ɓoyewa kuma, kowa ta ajiye abin da ta zo da shi a gabanta. Fura gida uku, duk ta iri. Gyaɗar Ige. Ƙwai biyu, ban san inda aka samo su ba. Busasshen kifi guda. Dunƙulen daddawa. Kwano bakwai, kowanne da abu a ciki, an cika al'ada, ba wadda za a ce ta yi abin kunya.

Inna ta iso tana dogara sanda, wani ya kai mata labari. Ta tsaya ta dubi ƙofar ɗakin, ta dubi kwanukan, ta zauna a ƙasa kamar an sare ta. Ban taɓa ganin hawayenta ba sai ranar.

Rana ta take. Furar ta fara tsagewa tana tsami, ƙuda na bin murfi. Ba wadda ta karya a cikinmu, wasu tun shekaranjiya. Cikina ya yi ƙugi, a shirun nan kowa ya ji, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Can na wata ma ya amsa.

Inna ta share fuska da gefen zane ta ce, "Iri ne. Ba a zubda shi. Ku ci."

Ba wadda ta motsa. Ta sake cewa, "Na ce ku ci."

Ni na fara buɗe nawa. Muka dama furar da ruwan randarta, muka sha da moɗarta, tana kwance taku biyar daga inda muke. Muna kuka muna haɗiya, kuma wallahi ta yi mana daɗi, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Ba mu bar ko ɗigo ba.

Da muka gama na wanke farin kwanon na kai shi bakin ƙofarta na kife. Wofi na mayar mata da shi, yadda zan iya kawo shi tun washegarin Kirsimeti in tarar da ita tana jira na mu yi hira.